Takardar da Kawu Ya Rataye a Bango

Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, yayan Inna, a ɗakinsa da ke Yelwa, kansa bisa cinyar Hajiya matarsa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Kwana uku muna zaman makoki, tabarmin gidan da na maƙwabta duk ba su ishe mu ba. Mutane suka yi ta zuwa daga Birnin Yauri da Wara da Shanga, wasu ta mota, wasu ta ruwa. Yawancinsu ɗalibansa ne na da, waɗanda ya koya wa lissafi a sakandare, wasu har sun yi furfura. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kusan duk wanda ya zauna ya gama addu'a, da labarin ranar da Kawu ya kama shi yake buɗe baki. Wannan ya ce a tafin hannunsa ya rubuta amsa, wancan ya ce leƙen takardar na kusa da shi ya yi. Suna faɗa suna dariya, suna share ido da bakin riga.

A rana ta biyu wani ƙaton mutum, direban jirgin ruwa daga Wara, ya nemi a yi masa iso wajen Hajiya. Ya durƙusa a bakin ƙofar tsakar gida, ya ƙi hawa tabarma.

Ya ce, “Hajiya, ni Malam ya kora daga ɗakin jarabawa. Cikin takalmina ya samu takardar. Na yi shekaru in na hango shi sai in sake hanya. Shi ko duk sadda za shi ƙetare ruwa, jirgina yake nema. Ya zauna kusa da inji ya ce mini, ina gajiya, direba, kamar babu abin da ya taɓa haɗa mu. Ban taɓa ce mishi ya yafe mini ƙiyayyar da na yi mishi ba.”

Sai ya fashe da kuka irin na manya, wanda ba ya da sauti. Hajiya ta ce, “Tashi, ɗana. Bai riƙe ka ba. Da ya riƙe ka da na ji.”

Ni kuwa ina gefe ina zuba wa baƙi ruwa. Duk matar da ta shigo, in ta gama da Hajiya da Inna, sai ta juyo kaina ta kama hannuna. “Ke ce abin alfaharinsa.” “Ke ce shedar aikinsa.” Wata ta nuna ƙofar ɗakinsa da ke buɗe ta ce, “Ga takardarki can a bango, ba wanda zai shiga gaishe shi bai nuna mishi ita ba.” Ina amsawa da amin, amma duk sadda aka ambaci takardar nan sai in kau da kai in ci gaba da zuba ruwa. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, kuma don akwai maganar da ban gaya masa ba har aka rufe shi.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini tun ina rarrafe. Mahaifina ya rasu ina 'yar firamare, Inna ta riƙe mu da sana'ar busasshen kifi, Kawu kuma ya ɗauki karatuna. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Yana da wani tsohon babur da sai an tura yake tashi, kuma aljihun gabansa bai taɓa rabuwa da jan biro ba. Banda koyarwa, kowace shekara ana tura shi sa ido a jarabawar fita sakandare. Waɗanda suka zauna a gabansa sun ce ba ya tsawa, ba ya zagi. Hannayensa a baya, yana tafiya tsakanin bencina a hankali, in ya tsaya a bayanka ya yi gyaran murya sau ɗaya, to ka san ta ƙare.

A ajinsa kuwa yana da wata al'ada da yara ke yi wa dariya. In ya ba da gwaji, duk wanda ya rubuta “ban sani ba” a ƙarƙashin tambaya, rabin maki yake ba shi. Wanda ya kwafa daidai kuma, sifiri. Yakan ce, “Wanda ya ce bai sani ba ya gaya mini inda zan fara. Wanda ya kwafa ya ɓoye mini ciwonshi, ta ina zan yi mishi magani?”

Hajiya ta ba mu labarin wani attajiri da ya aiko da giwan ruwa guda, ƙato, ana saura kwana biyu ɗansa ya zauna jarabawa. Ta ce har ta ɗora mai a wuta Kawu ya dawo. Ya tambayi daga ina, aka gaya masa. Ya ɗaure kifin a bayan babur, ya tura babur ɗin da ƙafa har ƙofar gidan mutumin don ya ƙi tashi, ya ajiye, ya dawo. Ta ce a ranar miyar kuka suka sha, kuma ba ta yi masa magana ba sai da safe.

Shekarar da na fara zama jarabawar fita, na faɗi lissafi. Ɗiyar ƙanwar malamin lissafi ta faɗi lissafi, maganar ta zaga unguwa. Ni aikin jinya nake so, kuma ba a shiga makarantar sai da shi. Kawu ya ce in dawo gidansa ya koya mini daga tushe, in sake zama. Inna ta ga shekara guda ta yi tsawo, ga masu neman aure sun fara sallama. Wata maƙwabciya ta gaya mata akwai wata makaranta a wani ƙauye wajen Shanga inda ba a faɗuwa. Ka yi rajista a can, ranar jarabawa a rufe ƙofa, a rubuta muku amsa a allo. Inna ta yi mini rajista ba tare da Kawu ya sani ba. Ta ce masa na tafi wajen dangin mahaifina. Ni ma ban ƙi ba. Ba zan ɗora wa Inna ita kaɗai ba, na so abin.

Ranar lissafi, muna cike da wani dogon aji mai rufin kwano. Aka raba takardu, aka turo ƙofa, wani malami ya ɗauki alli ya fara cika allo. Ba ka jin komai sai ƙarar alli da ta biro. Mai sa idon da aka saba da shi a wurin ba shi da lafiya, ba mu sani ba ashe an turo wani a madadinsa, kuma babur ya ɓata masa lokaci a hanya. Mun kai tambaya ta huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hedimasta ya leƙa ta taga, ya yi jim, ya buɗe.

Kawu ne, ƙafafunsa duk laka.

Ya tsaya ya dubi allo. Ya daɗe yana dubansa, kamar mai duba ko amsoshin daidai ne. Sannan ya juyo ya bi mu da ido benci benci, har ya zo layi na uku. Na ga lokacin da ya gane ni. Fuskarsa ba ta sake ba, leɓensa na ƙasa kawai ya motsa. Ya nemi abin goge allo bai samu ba, sai ya cire hularsa ya goge da ita, daga sama har ƙasa. Ya mayar da ita kansa fari fat da alli, ya ce, “Ku ci gaba.”

Ba wanda ya iya ci gaba. Wasu suka fara kuka. Hedimasta ya ja shi waje, muna jin muryarsa yana roƙo, yana cewa yaran talakawa ne, ba su da malamin lissafi tun bara. Kawu ya ce, “Wanga shi ya kamata ka rubuta ka aika tun bara.” Ya rubuta rahoto, aka soke sakamakon ajin gaba ɗaya. Daga baya na ji cewa sunana ne na farko a takardar.

Ranar da na dawo Yelwa, da yamma ya zo gidanmu. Inna ta tare shi a tsakar gida, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba.

“Yaya, ɗiyar ƙanwarka ce fa. Marainiya ce.”

“Na gan ta.”

“Ka gan ta, ka rubuta ta?”

“Da ita na fara. In na tsallake ta, da wane ido zan rubuta ɗiyan mutane?”

Inna ta ce, “To ka je ka ci gaskiyarka ka ƙoshi. Ni ba ni da wa.”

Ya juya zai fita, ni kuma na fito daga ɗaki. A lokacin ba abin da nake so kamar in ga ya ji zafi. A bencina akwai wata yarinya da muka zauna tare duk kwanakin jarabawar, ɗiyar manoman kan tudu ce, Kirista, mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana. Ta gaya mini mahaifinta ya ce wannan zaman shi ne na farko kuma na ƙarshe, in ba ta ci ba gona da aure. Makarantar ce mafi kusa da ƙauyensu, shi ya sa take can. Tun da aka fara rubutu a allo ba ta ɗaga kai ba. Ta kare takardarta da hannu tana nata lissafin, har ta wuce inda malamin ya kai.

Na ce, “Kawu, ni na kwafa, ban musa ba. Amma wadda ke gefena ko sau ɗaya ba ta dubi allo ba. Ita ma ka kashe ta.”

Ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce, “Kin tabbata, Uwata?”

Na ce, “Na rantse.”

Ya fita. Na ji yana tura babur har ƙarshen layi bai tashi ba.

Abin da ya biyo baya Hajiya ce ta gaya mini bayan shekaru. Ya rubuta wasiƙa ya ce a ware takardar yarinyar a duba ta daban, aka ce an riga an rufe maganar. Sau biyu yana hawa tudu zuwa ƙauyensu, yana roƙon mahaifinta ya bari ta sake zama, ya ce shi zai ɗauki komai, ta zauna a gidansa wajen Hajiya. Zuwan farko mutumin ya ba shi ruwa ya saurare shi. Zuwa na biyu ya ce masa, “Malam, kai ka soke, kai kuma ka zo gyara? An riga an karɓi gaisuwar mutane.” Kafin kaka aka yi mata aure.

Inna ta yi shekara uku ba ta gaishe shi. Amma sati biyu bayan wannan faɗan, da la'asar, na ji sallamarsa a zaure. Ya zo da ƙaramin allo da alli a leda. Bai ambaci abin da ya wuce ba. Ya ce, “Ɗauko littafinki na aji ɗaya.” Na ce aji shida na gama. Ya ce, “Na aji ɗaya na ce.” Kullum bayan la'asar yana zuwa, ran da aka yi ruwa ya zo a jiƙe. Inna ba ta fitowa, amma in ya kusa tashi sai ka ga an turo kwanon fura ta ƙarƙashin labule. Ya sha, ya ce, “A gaishe da mai gidan,” ba a amsa masa. Haka muka yi shekara. Na sake zama jarabawa a Yelwa, a ɗakin da ba wanda ya rubuta komai a allo, na ci da kaina. Wannan cin nawa ne, kuma har gobe ina jin daɗinsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na zauna cikin masu makoki da sakakkiyar zuciya.

Na shiga makarantar koyon aikin jinya a birni. A shekarar ƙarshe an yi mini aure, ina da ciki wata bakwai, ƙafafuna sun kumbura, ba na iya zama in yi karatu. Akwai jarabawar lissafin magani, wato yadda za ka auna abin da za ka ba majiyyaci gwargwadon nauyinsa da shekarunsa. Na faɗi ta sau ɗaya. In na sake faɗuwa, kora ce. Ana gobe za a yi, wata 'yar ɗakinmu ta shigo da tambayoyin a rubuce, ban tambaye ta inda ta samo ba. Aka yi amsoshin, na kwafe su da ƙananan baƙaƙe a 'yar takarda, na naɗe ta cikin kalmasar hijabina. Ina yi ina jin gyaran muryar Kawu a bayana, har sai da na waiga. Ba kowa. Na ce wa kaina sau ɗaya ne, in na haihu zan zauna in koye shi da kyau.

Ni na zo ta ɗaya a wannan darasin.

Da na kawo takardar shedar gamawa gida, Kawu ya karɓa da hannu biyu. Ya sa tabarau ya karanta kowane layi. Ya kai aka yi mata hoto, aka sa a gilashi, ya buga ƙusa a bangon ɗakinsa saitin gadonsa ya rataye. A ranar ce Inna ta shiga ɗakinsa karo na farko ba don gaisuwar rashin lafiya ko ta mutuwa ba, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon bango. Ya ce mata, “Kin gani? Wagga takarda na san yadda anka same ta.” Inna ta ce, “Ka yi gaskiya, Yaya.” Ina tsaye a bayansu da jaririya a kafaɗa. Da na buɗe baki a lokacin, da na rushe abin da aka yi shekaru ana jira. Haka na gaya wa kaina. Wataƙila tsoro ne kawai.

Ban cika alkawarin da na yi wa kaina da wuri ba. Aiki ya zo, yara suka zo. Sai wata rana a ɗakin yara na asibitin da nake aiki, aka kawo wata jaririya mai zazzaɓi. Likita ya rubuta, na lissafa, na ja maganin a sirinji. Har na kama cinyar yarinyar, wata tsohuwar nas da ke wucewa ta dubi sirinjin ta riƙe mini hannu. Ta ce, “Wa za ki ba wannan, uwar ko ɗiyar?” Na kuskure wurin sa ɗigon da ke tsakanin lambobi, abin da na ja ya ninka abin da ya kamata sau goma. Uwar tana zaune tana yi mini sannu da aiki, ba ta san abin da ya faru ba. Na shiga banɗaki na yi amai.

Tun daga ranar na koma littafi. Na koyi lissafin magani daga tushe, yadda Kawu ya koya mini na sakandare, ni kaɗai, ina rubuta “ban sani ba” a inda ban sani ba. Yau ƙananan ma'aikata wajena suke zuwa in duba musu. Amma har yanzu ba na ba da allura sai na lissafa sau uku, kuma tsakanin ranar da na fara aiki da ranar da aka riƙe mini hannu akwai watanni da yawa da majiyyata da yawa. Iya sanina ban cuci kowa ba. Iya sanina kawai.

Da tsufa ya kama Kawu, ciwon suga ya sa shi gaba, aka ɗora shi kan allura safe da yamma. Ya ce ba mai yi masa sai ni. In ina aikin safe, sai ya jira. Hajiya ta yi faɗa, ta ce ga ɗan maƙwabta ma'aikacin lafiya ne, ya ce, “Ban san yadda ya samu takardarshi ba. Hannun Uwata nika so.” Sai in zauna a bakin gadonsa, takardar nan tana saman kaina, in ja maganin, in ɗaga sirinji wajen haske. Shi kuma ya miƙo hannu ya kau da kai, ko duba abin da na ja ba ya yi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba hannun mutane.

Sau da yawa na shirya maganar a hanya. In na shiga na gan shi ya rame, ya yi murmushi ya ce, “Ga likitata,” sai ta koma ciki.

Ana saura sati uku ya rasu ya ce yana son ganin ruwa. Muka ɗauke shi a mota zuwa bakin tafki ranar kasuwa, aka ajiye masa kujera a inuwa nesa da hayaniya. Jirage na shigowa da buhunan hatsi da mutane, mata na wanke kifi, iska na kaɗa masa riga kamar ba kowa a cikinta. Hajiya ta tafi sayen albasa, muka rage mu biyu. Na ce yau ce.

“Kawu, akwai maganar da na daɗe ina son in gaya maka.”

Ya ce, “Ni ma akwai.” Idonsa na kan tudun da ke can nesa. “Ɗiyar mutanen nan, ta bencinki. Ko tana raye?”

Na ce ban sani ba.

“Kullum sai na gan ta. Ban ma san fuskarta ba, Uwata, ban dube ta ba a ranar. Ke na duba. Da ban tsaya dubanki ba, da na zaga na ga takardar kowa kamar yadda na saba, da na ga tata daban take. Haushinki ya rufe mini ido, na yi sauri.” Ya ja numfashi. “Abin da na rubuta gaskiya ne, amma ba duka gaskiyar ba ce. In na tafi, ki neme ta. Ki ce mata malamin nan ya ce ta yafe mishi.”

Na ce to.

“Mi kika so ki ce?”

Na dube shi. Mutum ne da ke ɗauke da kaya shekara da shekaru, ya samu ya sauke rabi a hannuna. Abu ɗaya ya rage masa da yake ganin ya yi daidai ba tare da ya cuci kowa ba, shi ne ni. Na ce, “Ba komai, Kawu. Cewa zan yi ka rage shan shayi da suga a ɓoye.” Ya yi dariya har da tari. Ban sake samun wata damar ba, ko in ce ban sake nema ba.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki hutun kwana biyu. Hajiya ta tuna sunan ƙauyen. Mota ta kai ni inda hanya ta ƙare, ɗan acaɓa ya hau da ni sauran. Na yi ta kwatance, har wata tsohuwa a bakin coci ta gane wadda nake nufi, ta ce ai aure ya kai ta ƙauyen gaba. Na same ta a tsakar gida tana sussukar dawa, ta yi ƙiba kaɗan, gashinta ya fara fari, da jikanta kwance a kan zane a inuwar rumbu. Ba ta gane ni ba sai da na ce mata benci na uku, kusa da taga. Ta ajiye taɓarya ta rungume ni.

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Ta zauna a kan turmi.

Ta ce, “Ya mutu?”

Na ce kwana tara ke nan.

“Allah ya ba shi hutawa. Na ga zuwansa wajen babana, ina leƙe ta katanga. Na so in fito, ba a bari ba.” Ta goge hannu a zane. “Na yafe. Amma ki sani, ni na ci jarabawar nan. Duk tambayoyin na yi, na sake bi na duba. Ba wanda ya taɓa gaya mini na ci, amma na sani.”

Na ce, “Na sani. Ina gefenki.”

Ban shirya abin da ya biyo baya ba. Bakina ne ya buɗe. Na gaya mata komai, cikin wata bakwai, takardar cikin hijabi, gilashin da ke bango, jaririyar da aka riƙe mini hannu a kanta. Abin da ban gaya wa mijina ba, ban gaya wa Inna ba, na zube shi gaban matar da rabona da ita tun muna 'yan mata. Ina magana ina kuka, ita kuwa tana kallona kawai. Ba ta ce ba komai ba, ba ta kuma zage ni ba.

Da na gama ta ce, “Ke kina da takarda, ni ba ni da ita.”

Na ce haka ne.

“Shi bai sani ba?”

“Bai sani ba.”

Ta girgiza kai. Jikan nata ya motsa ya fara kuka, kukan yaron da jikinsa ke da zafi. Ta ɗauke shi ta saɓa, ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar maganin zazzaɓi na ruwa, irin wanda ake saya a kasuwa, rubutun jikinta duk ya kusa gogewa.

Ta ce, “Yanzu kin iya?”

Na ce, “Na iya.”

“To nawa zan ba shi? Uwarsa ta tafi gona, mai maganin bai faɗa ba.”

Ta miƙo mini kwalbar da yaron gaba ɗaya. Na tambayi watanninsa, na ɗaga shi na ji nauyinsa, na karanta abin da ya rage a jikin kwalbar. Na mayar mata da yaron. Na tsinci tsinke na yi lissafin a ƙasa, na goge, na sake, na goge, na sake. Tana tsaye a kaina tana bin lambobin da ido, leɓenta na motsi. Kafin in faɗi amsar ta riga ni faɗa, kuma daidai ta faɗa. Na zuba a murfi, ta riƙe masa kai, ya sha.

Ta raka ni har inda ɗan acaɓa ke jira, ta ƙulle mini dawa a leda ta ce in kai wa matar malamin.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi yafiyar da aka yi masa a kan tudu, ya yafe masa abin da ya sani da abin da bai sani ba. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun masu jin ta suna raye. Amin.